Yadda Imel Ya Taso daga Tebur Ya Shiga Aljihu

A watan Maris na 1996 kamfanin US Robotics na Amurka, wanda aka fi sani da ƙera modem, ya shigo kasuwa da wata 'yar na'ura mai suna Pilot. Girmanta bai wuce tafin hannu ba, tana shiga aljihun riga, batir biyu ƙanana irin na rimot ke tafiyar da ita har na makonni. Ƙaramar sigarta, Pilot 1000, dala 299 aka yanka mata, ma'adanarta kuwa kilobayit 128 ce kacal, ko hoto ɗaya na wayar yau ba zai samu wurin zama a ciki ba. Abin da ya sayar da ita yana cikin kwalin da ta zo: wani ɗan mazauni na roba, mai jelar kebul da ake sokawa a bayan kwamfutar tebur, a gabansa maɓalli ɗaya tak. Ka ɗora na'urar, ka danna, ta yi ɗan kuka, kafin ka gyara zama abin da ke aljihunka da abin da ke kwamfutarka sun zama abu guda. Sunan wannan aiki HotSync.

Ba Pilot ce ta fara ba. Tun 1984 kamfanin Psion na Landan ya fitar da na'urar aljihu ta ajiye bayanai, a 1993 kuma Apple ya zo da Newton, mai tsada da nauyi, wadda aka yi ta yi wa dariya saboda yadda take kwafsawa wajen karanta rubutun hannu. Shi kansa kamfanin Palm, wanda ya ƙera Pilot a ƙarƙashin US Robotics, kuma Jeff Hawkins ya kafa a 1992, sai da ya sha ƙasa da wata na'ura mai suna Zoomer da suka yi tare da Casio da Tandy. Faɗuwar ce ta koya musu karatu. Da suka bi sawun 'yan tsirarun da suka sayi Zoomer, sai suka tarar kusan duk suna da kwamfuta a gida ko a ofis, kuma abin da suka fi nema shi ne manhajar da za ta haɗa na'urar da ita. Daga nan Hawkins ya daina tunanin ƙera ƙaramar kwamfuta mai cin gashin kanta. Ya yanke cewa na'urar hannu 'yar aiken kwamfutar tebur ce: ta ɗauko, ta kai, ta dawo ta ba da rahoto. Har guntun katako ya sassaƙa daidai aljihunsa, yana yawo da shi yana kwaikwayon dannawa, don ya gane abin da mutum zai buƙata a hanya da wanda zai iya jira sai ya koma tebur.

Pilot ta farko kalanda da lambobin waya da jerin ayyuka da 'yan rubuce-rubuce kawai take ɗauka. Imel sai a 1997 ya shigo, tare da PalmPilot Professional mai megabayit ɗaya, a shekarar da 3Com ya haɗiye US Robotics. Yadda abin yake aiki zai ba ɗan yau mamaki, domin na'urar ba ta da wata hanya ta kanta zuwa intanet sai an saya mata modem daban. Ma'aikaci zai gama aiki da yamma, ya ɗora ta a mazauninta, ya danna maɓalli. Wata ƙaramar manhaja a kwamfutar za ta leƙa akwatin Outlook ko Eudora ko cc:Mail, ta kwafo saƙonnin da ke ciki ta zuba wa na'urar. A cikin jirgin ƙasa ko na sama sai ya zaro tsinken rubutu daga gefenta, ya karanta, ya goge na gogewa, ya amsa na amsawa da wani salon haruffa mai suna Graffiti, wanda sai an zauna an koya, kusan kowane harafi da jan layi guda. Amsoshin ba inda za su. Suna nan a akwatin fita, kwance, har gobe da safe ya koma ofis ya sake danna maɓallin, sannan kwamfutar ta karɓe su ta aika. Doguwar wasiƙa gutsure ta ake yi, iyakarta haruffa dubu takwas, takardun da aka maƙala wa saƙo kuwa a tebur suke tsayawa. Akwai zaɓin a ɗauko komai, ko a tace bisa sunan mai aikowa, ko a aika kawai kada a ɗauko komai, saboda ma'adanar ba ta da faɗin ɗaukar shirgi.

Duk da wannan ƙunci mutane sun rungume ta, domin sa'o'in da ake ɓatawa a hanya sun zama lokacin rage wasiƙu. Cikin shekara ɗaya da rabi da fitowar Pilot an sayar da fiye da miliyan guda.

Kebul da maɓalli su ido ke gani, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Wahalar tana cikin wata tambaya da ta bi wannan tarihi daga farko har ƙarshe: idan abu ɗaya yana wuri biyu, aka taɓa shi a nan aka taɓa shi a can, na wa za a ɗauka? Duk mai shagon da ya taɓa ba yaronsa littafin bashi na biyu ya tafi da shi kasuwar ƙauye ya san wannan ciwon kai. Yaro ya karɓi kuɗin Malam wane ya soke sunansa, maigida kuma a ranar ya ƙara wa mutumin kaya a nasa littafin. Da dare in an zauna haɗa lissafi, kwafe wannan a kan wancan ɓarna ne, ko ta wane gefe aka yi.

Injiniyoyin Palm sun warware abin da 'yan tutoci. Kowane saƙo ko suna ko alƙawari yana da lambarsa ta daban, kuma yana ɗauke da alamar da ke tashi da zarar an canza shi. Abin da aka goge ma ba a share shi nan take. Ana barin gurbinsa da alamar cewa an goge, don ɗaya ɓangaren ya samu labari, in ba haka ba zai ɗauka sabon abu ne da ɗan'uwansa ya rasa, ya sake dawo masa da shi. Idan aka danna maɓalli, na'urar da kwamfutar tutocin kawai suke dubawa, shi ya sa aikin yake ƙarewa cikin daƙiƙu. Amma wannan dabara tana aiki ne muddin na'urar da kwamfuta ɗaya take hulɗa. Mutum ya daidaita a ofis da rana, ya je gida ya daidaita da wata kwamfutar da dare, to ta farko ta riga ta sauke tutocin, ta biyu ba ta da abin dogaro. Sai a koma doguwar hanya, a bi bayanan ɗaya bayan ɗaya ana gwadawa da kwafin da aka ajiye a haɗuwar baya. In kuma an canza abu ɗaya a wurare biyu, Palm ba ya yanke hukunci. Yana ajiye duka biyun ne, ya bar wa mai shi ya zaɓa. A ganina wannan shi ne adalci, ko da yake shi ne ya haifi abin da masu Palm suka fi tsana: ka buɗe na'ura ka ga kowane suna ya zama biyu, wani lokaci uku.

Dalilin da ya sa kwamfutar tebur ta zama uwar ɗaki a wannan tsari ya girmi Palm. Tun 1984 aka rubuta ƙa'idar karɓar imel da ake kira POP, wadda siga ta uku ta fito a 1988. Tsarinta mai sauƙi ne: kwamfutarka ta buga wa sabar, wato babbar kwamfutar da ke tara wasiƙu, ta kwashe abin da ya zo, sabar ta share nata. A zamanin da wurin ajiya ke da tsada, layin tarho kuma ake biya da minti, hakan ya yi daidai. Amma sakamakonsa shi ne wasiƙunka suna zaune a kwamfuta ɗaya tilo, duk wata na'ura da ke son ganinsu sai ta je can ta roƙa. Ko da an ce wa POP ya bar kwafi a saba, ba ya iya gaya wa na'ura ta biyu cewa an riga an karanta wannan, an amsa wancan.

Maganin kuwa yana nan tun kafin ciwon ya yi tsanani. A 1986 wani injiniya a Jami'ar Stanford, Mark Crispin, ya tsara wata ƙa'ida mai suna IMAP, ya ci gaba da renonta bayan ya koma Jami'ar Washington. Shi cewa ya yi wasiƙa ta zauna a saba, tare da duk alamominta na an karanta, an amsa, an goge, kowace na'ura kuma ta zama taga ce kawai da ake leƙawa. In aka bi wannan, tambayar na wa za a ɗauka ta mutu, domin asali ɗaya ne. Jami'o'i sun karɓa, amma kamfanonin da ke sayar wa jama'a intanet sun ja ƙafa shekara da shekaru, don babu mai son ɗaukar nauyin adana wasiƙun dubban mutane a kan kuɗinsa. Crispin ya rasu a 2012, bayan ya ga duniya ta dawo kan maganarsa.

Microsoft bai zauna kallo ba. Ya fitar da Windows CE a 1996, daga baya manhajarsa ta haɗi ta koma suna ActiveSync, wadda ba ta jiran a danna komai, da an ɗora na'ura take fara aiki ta ci gaba muddin tana kan mazauni. Da Pocket PC ya zo a 2000, musamman iPAQ na Compaq, ma'aikatan da rayuwarsu ke cikin Outlook sun samu abin da ya dace da su. Sai dai wannan ma kebul ne, an dai ƙara masa ado.

Yunƙurin tsinke kebul ɗin ya zo a 1999 daga wurare biyu, kuma bambancinsu ya isa darasi. Palm ya fitar da Palm VII mai eriya da ake ɗagawa, a kan dala 599. Amma sai ya ba mai ita sabon adireshin imel na daban, kuma saƙo ba ya zuwa da kansa, sai ka ɗaga eriya ka tambaya. Ka ga an ƙara wa mutum akwati na biyu ke nan, alhali na farkon ma bai gama da shi ba. A garin Waterloo na Kanada kuwa, kamfanin Research In Motion (RIM), wanda Mike Lazaridis ya kafa a 1984 kuma Jim Balsillie ya shigo a 1992, ya fahimci cewa ba wanda ke son sabon adireshi. Mutum akwatinsa na ofis yake so ya biyo shi. A watan Janairun 1999 suka ƙaddamar da BlackBerry, 'yar na'ura mai kama da feja, da maɓallan haruffa ƙanana da ake dannawa da manyan yatsu biyu da ɗan gare a gefe.

Dabararsu ta farko ma ta tebur ta bi. Ana saka wata manhaja a kwamfutar ofis ta tsaya gadin akwatin. Da saƙo ya faɗo sai ta matse shi, ta kulle shi da lambobin sirri, ta tura shi ta intanet zuwa cibiyar kamfanin a Waterloo, daga can ya bi hanyar rediyo ta Mobitex ya iske na'urar a ƙugun mai ita. In ya amsa, amsar ta biyo hanyar ta dawo, ta fita da adireshinsa na ofis kamar yana zaune a kujerarsa. Sharaɗi ɗaya ne: kwamfutar ta kwana a kunne. Mai shara ya zare soket, ko wuta ta ɗauke, to imel ya tsaya cak. Don haka manyan kamfanoni suka koma sayen BlackBerry Enterprise Server, wanda ke zaune kusa da sabar ofis yana yi wa kowa aikin gaba ɗaya. A nan ne kwamfutar tebur ta fara fita daga tsakiyar hanya, ko da yake ba a sallame ta duka ba. A shekarun farko saƙo yana zuwa ta iska, amma labarin an karanta ko an goge ba ya komawa sai an ɗora na'urar a mazauni. Mutum zai share wasiƙu ɗari a hanya, ya dawo ofis ya tarar da su suna jiransa kamar bai taɓa su ba. Sai bayan 'yan shekaru aka mayar da wannan ma ta iska.

Ranar 11 ga Satumban 2001, lokacin da layukan wayar salula suka cushe a New York da Washington, saƙonnin BlackBerry sun ci gaba da wucewa, kuma bayan haka Majalisar Wakilan Amurka ta saya wa mambobinta. Yadda abin ya kama manya ya fito fili a shari'ar da kamfanin NTP ya shigar kan haƙƙin ƙirƙira. Da aka fara maganar kotu za ta iya rufe hidimar a Amurka, gwamnatin ƙasar da kanta ta shiga tana neman a keɓe ma'aikatanta. A watan Maris na 2006 RIM ya biya dala miliyan 612.5 aka kashe maganar. Barack Obama ma da ya hau mulki a 2009 sai da ya yi ta ja da jami'an tsaro kafin su bar masa tasa.

Microsoft ya ga ana cin kasuwa a bakin ƙofarsa, domin akasarin akwatunan da BlackBerry ke yi wa hidima a kan sabar Exchange suke. Sai ya gina hanyar daidaitawa a cikin Exchange 2003 kanta, ya kira ta Exchange ActiveSync, a 2005 kuma ya ƙara mata turo saƙo nan take. Dabarar tana da ban sha'awa don sauƙinta. Waya ce ke aika wa saba tambaya ko akwai sabon abu, sabar kuma sai ta ƙi amsawa, ta riƙe layin a buɗe na wasu mintuna. In saƙo ya shigo a tsakani, nan take ta amsa, wayar ta zo ta ɗauka. In lokacin ya ƙare ba komai, wayar ta sake tambaya. Ba cibiya a Kanada, ba kuɗin wata na daban. IMAP ma tun 1997 yake da irin wannan umarni na jira. Microsoft ya ba Nokia da Palm da wasu lasisi, abin da ya mayar da fasahar da BlackBerry ke taƙama da ita kayan kowa.

Sauran abin da ya rage shi ne wurin ajiya, shi ma ya faɗi warwas. A 2004 Gmail ya zo da gigabayit ɗaya kyauta, a lokacin da Hotmail ke ba da megabayit biyu, a 2007 kuma ya buɗe IMAP ga kowa. A shekarar iPhone ya fito yana karanta imel kai tsaye daga saba, a 2008 Apple ya karɓi lasisin Exchange ActiveSync. Abin dariya, iPhone ɗin farko ba ya ko tashi sai an soka shi a kwamfuta mai iTunes. Sai a 2011, wajen gabatar da iCloud, Steve Jobs ya fito ya ce za a rage wa kwamfuta muƙami ta zama na'ura kamar sauran, cibiyar ta koma can saba. Shekara goma sha biyar ke nan daga ranar da Hawkins ya naɗa ta uwar ɗaki. Palm bai ga wannan zamani da ƙafafunsa ba: HP ya saye shi a 2010 kan dala biliyan 1.2, ya rufe harkar na'urorin a shekara mai bi.

Mu a nan rabin farko na labarin ya wuce mu. Lokacin da ake danna HotSync a Amurka, a Kano da Kaduna da Zinder mai kwamfuta a gida ɗaiɗai ne, imel kuwa a kafe ake duba shi, a sayi tikitin awa ɗaya a buɗe Yahoo. Wannan kuwa tun asali a saba yake zaune, don haka ba mu taɓa sabawa da wasiƙa mai zama a tebur ba. Tsarin da ke buƙatar kwamfuta ta kwana a kunne ma ba zai yi rai a hannun NEPA ba. GSM ya zo Najeriya a 2001, BlackBerry ya biyo baya bayan wasu shekaru, ya zama abin yayi, ana biyan kuɗin BIS na wata, ana tambayar juna fin. Amma yawancin masu riƙe da shi manhajar hirarsa ta BBM ce ta kawo su, imel ɗin ya zo a gyara. Har fim aka yi a Kudu, BlackBerry Babes, a 2011. A watan Oktoban shekarar ne wata na'ura ta lalace a cibiyar kamfanin da ke Slough a Ingila, hidimar ta tsaya kwanaki a Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka kafin matsalar ta tsallaka Amurka. Mai waya a Sabon Gari yana da caji, yana da sabis, ya biya kuɗin wata, amma saƙon maƙwabcinsa ya maƙale saboda abin da ya faru a wani gari da bai taɓa jin sunansa ba. BlackBerry ya kai masu rajista kusan miliyan 80 a 2012, daga nan ya fara gangara, ranar 4 ga Janairun 2022 aka kashe hidimar tsofaffin wayoyinsa.

Yau ba wanda ke tunanin daidaita imel. Ka karanta a waya, ka buɗe kwamfuta ka tarar an riga an yi masa alama, babu suna biyu, babu kebul. An samu wannan sauƙi ne ta hanyar kashe kwafi na biyu. A zamanin Palm, in na'urar ta faɗa ruwa komai na nan a tebur, in kwamfutar ta ƙone akwai saura a aljihu, har akwai zaɓin a adana a tebur abin da aka goge a hannu. Yanzu yaro ya ɗauki wayarka ya share akwati, cikin daƙiƙa ya share a ko'ina, kwandon sharar Gmail kuma kwana 30 yake riƙewa. Ka manta kalmar sirri, layin da ka yi rajista da shi kuma an rufe, to wasiƙun shekara goma suna can a gidan wani, ba ka da mabuɗi. Duk mai takardun aiki ko na makaranta ko na ciniki a cikin imel, ya sauke kwafinsu ya ajiye a kwamfuta ko a filashi, kuma ya duba lambar wayar da ke maƙale da akwatinsa ko har yanzu tana hannunsa.